Daga Kufai zuwa Ƙetare: Hanyar Karatun Ilimin Kufai ga 'Ya'yan Karkara da Malamansu

Laccar da aka gabatar a Ɗambatta ga ɗaliban sakandare da malamansu da iyayensu



Mai girma wakilin Hakimi, ranka ya daɗe. Dagatai da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku. Liman da malamanmu na zaure, Allah ya gafarta muku. Shugabannin makarantu da 'yan'uwana malaman aji, iyayenmu mata da ke zaune can gefen inuwa, sai ku 'ya'yana ɗalibai da aka shimfiɗa tabarmin nan dominku, barkanku da zuwa. Na san wasunku tun da hantsi suka taso daga Makoɗa da Kunchi da Bichi da Tsanyawa, wani a keke, wani a bayan babur, alhali aikin gona bai ƙare ba. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan damar da yaron karkara da malaminsa suke da ita ta fita ƙasashen waje su karanci ilimin kufai, wanda a jami'a ake kira akiyoloji. Bari in faɗi abin da na zo da shi tun yanzu, don kada wani ya zauna yana jiran in raba fom. Ƙofofin suna nan, amma ƙanana ne, kuma yawancinsu sai an bi ta Zariya ake isa gare su. Guzurin tafiyar kuwa yana cikin gonar babanku. A kan haka zan yi magana, cikin batutuwa biyar.

Batu na farko: abin da muke takawa kullum

Wane ne a cikinku bai taɓa huɗa ba garma ta tono masa tsingaro? Wane ne bai taɓa ganin baƙin dunƙulen nan mai nauyi mai ƙofofi ba, wanda tsofaffi ke kira kashin maƙera? Wasunku sun ga gatarin aradu a hannun kaka, an naɗe shi cikin tsumma ana ajiya. Wannan gatarin hannun ɗan Adam ne ya wasa shi, tun kafin mutanen ƙasar nan su san ƙarfe. Ilimin kufai shi ne sanin yadda ake karanta irin waɗannan abubuwa: a wane zurfi aka same su, me ke samansu, me ke ƙasansu, me ke kusa da su. Masanin tarihi takarda da bakin dattijai yake bi. Masanin kufai toka yake bi, da juji, da murhu, da tsohon karofi, da gindin ganuwa. Talakan da ba a rubuta sunansa a kowane littafi ba, a nan ake samun labarinsa, domin kowa yana dafa abinci kuma kowa yana zubar da shara.

Ku ɗauki Kano kanta. Littafin Tarihin Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya fara jerin sarakuna da Bagauda, wanda ake lissafa hawansa a 999. Amma gawayin da aka samo daga wurin narkar da tama a gindin Dala, da aka auna shi, sai ya nuna ƙarni na 7 na Miladiyya. Wato wajen zamanin Hijira akwai maƙera a Dala suna zuga wuta, fiye da shekara ɗari uku kafin Bagauda. Ɗan gawayi ne ya ba da wannan shaida.

To, mu nan arewacin Kano fa? Ƙasarmu ta sha bamban da yawancin wuraren da ake irin wannan bincike. Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya da Kano, ya yi nazarin gundumar Ungogo aka buga shi a 1965, ya nuna wa duniya abin da mu muka tashi a cikinsa: gona tana jingine da gona, gida yana hango gida, ba a barin saura ta huta, taki ne ke riƙe da ƙasa. Jakuna su kai itace birni, su komo da mangalar taki. Wannan kuwa yana da babbar ma'ana ga mai binciken kufai. Takin juji yana zuwa da fasassun tukwane a cikinsa. Saboda haka ba kowane tsingaro da ka gani a gona ne ke nuna an taɓa zama a wurin ba, wani jaki ne ya kawo shi shekara sittin da suka wuce. Baƙon da ya sauko daga jirgi da na'urorinsa zai iya shekara bai gane wannan ba. Yarinyar da ke kai wa babanta fura gona ta san gonar da ake zuba wa takin gari, ta san wadda garken shanu ke kwana a cikinta, ta san tudun da dawa ke yin kyau a kansa ba tare da an zuba komai ba, don tsohon mazauni ne. Ta san in aka ga kukoki sun yi cincirindo a fili babu gida, a tambayi dattijai sunan garin da ya tashi daga nan. Wannan sani ne na gaske, kuma babu jami'ar da ke sayar da shi.

Damuwata ita ce abin yana ƙarewa a gaban idonmu. Kowace damina huɗa tana juya saman ƙasa. Masu tifa suna kwashe tuddai a kai birni a yi ciko. Ana yanka gonaki a yi filaye. Littafin da aka yaga ana iya samun kwafinsa a wani gari, amma kufan da aka kwashe da tifa ya tafi ke nan.

Batu na biyu: wa ke ganowa, wa ke karantawa?

Zan ba ku labari uku, ku lura da abin da ya haɗa su.

A 1987, a ƙauyen Dufuna da ke Jihar Yobe ta yanzu, wani makiyayi yana haƙa rijiya don dabbobinsa sai ya ci karo da icce a zurfin kamar mita 5. Bai sare shi ya yi makamashi ba, ya kai labari ga hukuma. A 1994 aka fito da abin, ƙarƙashin jagorancin Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri. Kwalekwale ne na maɗaci, tsawonsa mita 8.4. Ɗakunan gwaji biyu a Jamus suka auna shi, ya kai kimanin shekara 8,000. Babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi.

Na biyu, kan mutum na yumɓu da ya buɗe wa duniya ido a kan al'adar Nok. A gonar doya yake, an kafa shi mutum-mutumi yana korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun masanin kufai Bernard Fagg a farkon shekarun 1940. Daga 2005 masanan Frankfurt suka shafe shekaru suna tono a yankin, suka nuna al'adar ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam.

Na uku shi ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi taɓa ni. Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta Jihar Katsina, tafiyar 'yan sa'o'i daga inda muke zaune. Palmer ya fara tona tuddan wurin a 1907. A 1992 aka sake tona uku daga cikinsu, masanan Jamus tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Aka ciro kayan a dunƙule da ƙasarsu aka ajiye a Katsina, suka yi shekara 15 suna jira. Sai a 2007 aka kai su birnin Mainz na Jamus, inda ake da masu sanin yadda za a buɗe su ba tare da sun ruguje ba. Me aka samu? Zinariya, awarwaron hauren giwa, wuri, da tasar tagulla da aka ƙera a ƙasashen Musulmi na gabas. Shaida ce cewa tun wajen ƙarni na 14 manyan ƙasar Hausa suna cikin cinikin da ya ƙetare Sahara. An baje kolin kayan a Jamus a 2011, aka dawo da su gida a 2014.

Kun ga zaren? Ɗan ƙasa ke ganowa, baƙo ke karantawa. Ban faɗi haka don in zargi baƙin ba, sun yi aiki da gaskiya kuma sun mayar da kaya. Tambayata ga kanmu take. Don me kayan Durɓi za su yi shekara 15 suna jiran hannun da zai buɗe su?

Amsar tana cikin ɗakin gwaji, kuma ita ce dalilin da ya sa karatun waje yake da muhimmanci a wannan fanni musamman. Bari in yi wa ɗaliban kimiyya bayani. Duk abu mai rai, gero ne ko akuya ko mutum, yana ɗauke da wani nau'in sinadarin kabon da ake kira kabon 14. Ran da ya mutu sai ya daina karɓar sabo, wanda ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabinsa yana tafiya duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage sai a san yaushe ya mutu. Willard Libby ya gano hanyar a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Na'urorin da ke wannan awo a yau da ƙwayar hatsi guda ɗaya suna da tsadar gaske, shi ya sa gawayinmu ke hawa jirgi. Haka masu duba ƙonanniyar ƙwayar gero a madubin ƙara girma su ce na gida ne ko na daji, da masu yanka kashin maƙera su faɗi zafin wutar da aka narka taman, da masu ceto tagullar da tsatsa ta ci. Wannan ne abin da za ku je nema. Tono kam ana koyonsa a gida.

An kuma yi kafin ku. Ekpo Eyo ya yi karatu a Kambirij da Landan, ya dawo ya shugabanci harkar kayan tarihin Najeriya daga 1968 zuwa 1986. Cheikh Anta Diop ya dawo daga Faransa ya kafa ɗakin awon kabon a Dakar a shekarun 1960. A namu ɓangaren, Abubakar Sule Sani na Jami'ar Ahmadu Bello ya yi digirinsa na uku a Jami'ar East Anglia ta Ingila a kan kufan ƙasar Kirfi ta Bauchi, ya komo Zariya yana koyarwa. A jami'ar nan ta Ingila ne Anne Haour take, wadda ta tona Kufan Kanawa a yankin Damagaram, tsohon gari mai ganuwa da mutanen wurin ke cewa daga nan Kanawa suka taso. Bincikenta ya nuna an zauna wurin tsakanin ƙarni na 14 da na 17. Ku duba fa, kufai mai ɗauke da sunanmu, a arewa da mu. Kanawa nawa ne suka taɓa zuwa?

Batu na uku: ƙofofin, da girman kowacce

Ga wanda bai gama sakandare ba, ko ya gama yanzu, ƙofofin kaɗan ne. Akwai makarantun United World Colleges guda 18 a sassan duniya, ɗaya tana Eswatini a kudancin Afirka. Suna ɗaukar 'yan shekara 16 zuwa 19 su yi shekara biyu, ta hannun kwamitin zaɓe na kowace ƙasa, kuma suna tallafa wa wanda iyayensa ba su da hali. Akwai African Leadership Academy a Johannesburg, da aka buɗe a 2008. Waɗannan ba ilimin kufai suke koyarwa ba, amma takardarsu tana buɗe jami'o'in da ke koyar da shi. Tun 2003 shirin YES na Amurka ya riƙa kai yaran sakandare daga jihohin Arewa su yi shekarar karatu guda a gidan wani iyali a can. Irin wannan shiri na gwamnati ne, yana buɗewa yana rufewa yadda siyasar masu shi ta juya, saboda haka kowace shekara sai an bincika.

Wadda na fi so ku sa wa ido ita ce ta gwamnatin Turkiyya. Tana ɗaukar mai neman digiri na farko in bai kai shekara 21 ba, ana cike ta a intanet cikin Janairu da Fabrairu, ba a biyan ko kwabo. Wanda ya dace ana biya masa kuɗin makaranta da masauki da jirgi da na kashewa, ya fara da shekara guda ta koyon Turkanci. Turkiyya kuwa ƙasar kufai ce, a can Catalhoyuk yake, ɗaya daga cikin tsofaffin garuruwan manoma na duniya. Yawancin yaranmu likitanci da injiniyanci suke rububin nema. Yaron da ya ce kufai yake so, ya kuma nuna abin da ya riga ya yi a garinsu, takardarsa za ta fita daban.

Duk da haka, hanyar da ta fi tabbas ita ce ta gida tukuna. Ka samu kiredit biyar har da Ingilishi da lissafi, ka ci jarrabawar shiga jami'a, ka nemi sashen akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai kuma a Jos da Ibadan da Nsukka. A Zariya, tsohon mazaunin Kufena yana bayan makaranta, na Turunku ba nisa. Ka fito da sakamako mai kyau, sai ƙofofin su yawaita. Tarayyar Turai ta kafa shirin Erasmus Mundus, a ƙarƙashinsa aka yi digiri na biyu kan kimiyyar kayan da ake tonowa, wanda ɗalibi ke zagaya Evora ta Fotugal da Rum da Tasalonika ta Girka. Jamus tana da tallafin DAAD. Ingila tana da tallafin Commonwealth da Gates Cambridge. Gidauniyar Leakey da ta Wenner-Gren a Amurka suna da tallafi na musamman ga ɗaliban ƙasashen da ba su da wadatar wannan horo. A Kenya akwai makarantar fili ta Koobi Fora a bakin tafkin Turkana, inda ake koyon aiki a wurin da aka samo ƙasusuwan mutanen farko.

Kada kuma mu ɗauka waje sai Turai. Jami'ar Alƙahira tana da tsangaya sukutum ta ilimin kufai, har da sashen kayan tarihin Musulunci. Yaron da ya yi allo ya iya Larabci, wanda wasu ke gani kamar an bar shi a baya, a can shi ne a gaba. Akwai jami'ar Legon a Gana. Akwai Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, inda Boubé Gado ya yi aikin da ya fito da kayan tarihin Bura a 1983. Mai son tarihin ƙasar Hausa dole wata rana ya nemi Faransanci, don rabin labarinmu yana hayin iyaka.

Gargaɗi ɗaya, da babbar murya. Duk tallafin da na ambata ba a sayen gurbinsa. Wanda ya zo ya ce a sayar da tunkiya ko a jinginar da gona ya samo wa yaro gurbi, ɗan damfara ne, ko da rawani ya zo.

Batu na huɗu: malamai

'Yan'uwana, na san halin da kuke ciki. Aji ɗaya yara tamanin, alli ma wani lokaci daga aljihunku. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka yi fiye da shekara goma kafin a ƙaddamar da dawo da shi a 2022, don haka akwai malamai matasa a cikinku da su kansu ba a koya musu ba. Ba zan ɗora muku abin da ke bukatar kuɗi ba.

Abin da nake roƙo littafin rubutu ne guda ɗaya a kowace makaranta, a kira shi kundin kufai. Kowane yaro ya je wurin kakansa ko mai unguwa ya tambayo: ina ne aka taɓa zama aka tashi? Me ya tashe su, yaƙi ne, ko fari, ko rijiya ce ta ƙafe? Ina tsohuwar marina? Ina maƙera suka yi zama? Ina ganuwar garin ta bi? A ƙasar nan da Ɗantunku ya yi ta fafatawa da Sarki Ibrahim Dabo kafin Kazaure ta tsaya da ƙafarta, garuruwa nawa ne suka tashi suka koma wani wuri? Ranar Asabar malami ya ɗauki yara goma su je su gani. A auna faɗin wurin da taki. A zana tsingaron da ke sama, a kula da bakin tukunyar da adon da aka yi mata, a ɗauki hoto, a rubuta lambobin wurin daga wayar malam, sannan a mayar da kowane abu inda aka ɗauke shi. In an dawo a kai zanen wurin maginan tukwane, irin na Dawakin Tofa, a tambaye su ko sun san wannan gini. Malamin kimiyya ya shigo da maganar kabon, na labarin ƙasa ya koya zana taswira, na Hausa ya gyara rubutun hirar, na Ingilishi ya sa a fassara shafi biyu.

Sharaɗin da ba a ketarewa shi ne ba a tono. Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi a 1979 ta hana tono ba da izini ba, ta hana saye da sayar da kayan tarihi, ta kuma wajabta kai rahoton abin da aka tsinta. Mu nan Gidan Makama ne wurin kai rahoto. Ko babu doka ma, hankali ya hana. Tukunyar da aka zare daga mazauninta ta zama bebiya. Ku dubi mutum-mutumin yumɓun da ake kira na Katsina da na Sakkwato. Masu haƙar sata ne suka fito da kusan dukansu, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a 2000. Suna can cikin gilashi a gidajen attajiran Turai, babu mai iya cewa ga garin da aka yi su, ga mutanen da suka yi su.

Me ya haɗa kundin nan da karatun waje? Duk takardar neman tallafi tana da shafin da ake cewa ka faɗi ko kai wane ne da dalilin da kake son wannan fanni. Dubban yara za su rubuta cewa tun suna ƙanana suke son tarihi. Ɗalibarku za ta rubuta cewa ita da 'yan ajinsu sun lissafa kufai kaza a gundumarsu, ga taswira, ga hotuna, ga kuma tambayar da ta kasa amsawa sai da ɗakin gwaji. Wace takarda kuke jin za a karanta sau biyu? Wasiƙar shaida da malami zai rubuta ma sai ta samu abin faɗa.

Ku ma akwai naku. Shirin Fulbright na malaman sakandare yana kai malami wata jami'ar Amurka ya yi mako shida. Chevening ta Ingila tana ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara guda ga mai digiri da ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki, koyarwa kuma aiki ce. A gida akwai cibiyar horar da ma'aikatan kufai da gidajen tarihi a Jos. Ku rubuta wa sashen Zariya, ku aika musu kwafin kundinku, ku gayyace su. Malaman jami'a kullum suna neman wurin da za su kai ɗalibansu aikin fili. Ran da motarsu ta tsaya a ƙofar makarantarku, yaranku sun ga irin mutanen da za su iya zama.

Batu na biyar: tambayoyin iyaye

Na san abin da ke zukatan iyayenmu, kuma tambayoyi ne na gaskiya.

Ta farko: wannan ba tono gumaka da kaburbura ba ne? Allah ya gafarta malam, kun fi ni sanin wuraren da Alƙur'ani ya umarce mu da yin tafiya a bayan ƙasa don duba yadda ƙarshen mutanen da ya kasance. Mai binciken kufai ba ya bauta wa abin da ya tono, aunawa yake yi ya rubuta. Mafi yawan aikin kuma juji ne da murhu da ganuwa. Maƙabartar Musulmi ba wurin tono ba ce, kuma jama'a suna da ikon su ce a'a. Wa zai fi kiyaye wannan iyaka, baƙo ko ɗanku da ya san inda kakanninsa ke kwance?

Ta biyu: me zai ci? Ba zan ce muku sana'ar kuɗi ce ba. Guraben aikin suna jami'o'i da gidajen tarihi da hukumomin al'adu, kuma ba su da yawa. Sai dai manyan ayyuka na hanya da madatsar ruwa da masu ba da rance na duniya ke biya, ana sharɗanta a duba kayan tarihin wurin kafin a fara, ana kuma neman masu wannan sani. Wanda ya koyi safiyo da zana taswira a kwamfuta da nazarin ƙasa ba zai rasa inda zai kai su ba. Gida mai 'ya'ya takwas ba dukansu nake nema ba. A cikin ɗaruruwan da ke zaune nan, in an samu uku da abin ya kama zuciyarsu, a bar su su bi.

Ta uku: 'ya mace fa? Littafin Baba ta Karo, wanda aka buga a 1954, yana cikin mafi daraja da aka rubuta kan rayuwar Hausawan karkara. An same shi ne don Mary Smith mace ce, ta iya zama da tsohuwar tana sauraronta. Ilimin da ke cikin gida, na tukunya da murhu da dutsen niƙa da yadda ake ajiyar hatsi, shi ne ainihin abin da ake tonowa a kufai, kuma yana bayan zauren da namiji baƙo ba ya wucewa. 'Ya'yanku mata suna shiga su fito da sallama kawai. Game da tsaron mutuncinta a waje, haƙƙinku ne ku tambayi inda za ta kwana da wanda zai kula da ita, kuma shirye-shiryen kirki suna amsa wannan a rubuce. In hankalinku bai kwanta da nesa ba, Zariya tafiyar yini ɗaya ce, je ka dawo.

Ranka ya daɗe, ina da roƙo guda gare ku da dagatai. In yaran nan suka zo da littafinsu suna tambayar kufai, a karɓe su, a haɗa su da dattijan da suka sani, a kuma yi wa masu gonaki bayani cewa ba filin kowa ake nema ba. In mai tifa ya nufi tudun da aka san tsohon gari ne, a dakatar da shi kwana biyu a sanar da Gidan Makama.

A nan zan tsaya.  Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Yanzu fili naku ne. Ina so a fara ba ɗalibai dama, musamman 'yan matan da ke layin baya, sannan malamai, sannan iyayenmu. Wanda kuma ya san wani kufai a garinsu, ko ba shi da tambaya, ya tashi ya faɗa mana sunansa mu rubuta.